Gawayi Ba Ya Juyawa Hagu

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya da yaranta. Ya gwiwar nan taka, ya kuma idon? Wancan karon ka ce hazo-hazo kake gani, Allah ya sa bai ƙaru ba. Mu nan lafiya lau. Surukarka ciki ya tsufa, in za ta hau matakalar ɗakinmu sai ta tsaya a tsakiya ta huta. 'Yarmu amaryarka kuwa ta shiga makaranta, ta ce in gaya maka ta fasa auren, tunda an ce mata ba ka da haƙora.

Har yanzu muna ɗakin nan na saman sito, inda ake ajiye buhunan dusa. Taga ɗaya gare shi, mai ƙarafa, tana kallon inda titi ya rabu biyu. Ɗakin na Maigida ne, kamar yadda bargar dawakin da nake aiki take tasa, takardar izinin zamana ma da sunansa aka yi ta. In ya yi atishawa sai mun ji a sama.

Baffa, kai da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, amma a harkar doki ban san wani uba ba sai kai, shi ya sa na kawo maka kukana. An ba ni wani ingarma in hora, baƙi wuluk, ana ce masa Gawayi. Mai shi wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin jinya, Malama muke ce mata. Dokin na ƙaninta ne da ya rasu. Ba ta taɓa hawa doki ba sai da furfura ta fito mata, burinta kawai wata rana ta hau shi ta bi hanyar da marigayin yake bi.

Da ragama, dokin nan ko amaryarka za ta ja shi. Amma da an sa masa linzami sai ya zama wani daban, ya dinga wurgi da kai, kuma ko za ka mutu ba zai juya hagu ba. In yana cin ciyawa sai ya tauna ya dunƙule ya tofar. Na zura hannu a bakinsa na shafa. Haƙorin turmin can na ƙurya a gefen hagu ya tsage, bakinsa kamar fasasshiyar kwalba, ya yayyanke masa kunci. Dokin nan ba taurin kai gare shi ba, ciwo yake ji.

Likitan da ke zuwa yi wa dawakanmu rigakafi ya duba, ya ce tsakani da Allah ba fanninsa ba ne, ba shi ma da kayan aikin. Mai yin wannan aiki wata mata ce a bargar da ke bayan layin dogo, ana kiranta Mai Magagari, don da magagari take goge haƙoran dawakai. A bargarmu ta fara aiki, da ta tashi wasu masu dawakai suka bi ta. Tun daga nan Maigida ya kafa doka: duk ma'aikacin da ya nuna wa mai doki ƙofar waje, shi ma ta nan zai fita. Na gwada yi masa maganar haƙorin, ya ce an ɗauke ni horo ne ba duba ba.

Kai ka raine ni da cewa doki ba ya shiga hannunmu ya fita bai horu ba. To wannan kam ya fi ƙarfin hannuna. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ɗanka,
Ɗan Tsako

*

Zuwa ga Ɗan Tsako,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta, ido kuma yanzu ko fuskar Yayarka ba na rarrabewa sai ta yi magana, maganar kuwa ba ta ƙarewa. Ita ke rubuta wannan, in ka ga an rage wani abu ita ce. Ka gaida surukata, Allah ya raba lafiya. Ka ce wa amaryata ni ma na fasa, ba na auren mace mai yoyon hanci.

Wasiƙarka doguwa ce kamar igiyar rijiya. Yayarka tana sauri za ta wurin aiki, sai ta karanta mini kanta da wutsiyarta, ta ce tsakiyar duk surutun doki ne. Wutsiyar ma ta ishe ni. Wai doki ya fi ƙarfin hannunka! Kai da na ɗora a kan sirdi tun ƙafarka ba ta kai likkafa ba? Lallai zaman bene ya lalata ka. Ko dai tuƙa keke ka koma ban sani ba?

Dokin da ba ya juyawa hagu ai ba sabon abu ba ne. Wani ne ya sangarta shi tun yana ƙarami, ya gane in ya yi wurgi da kai ana sakar masa. Maganinsa a nuna masa akwai mutum a bayansa. Ga tsohon linzamina nan na sa an naɗe maka, mai dogon harshen nan da kake tsoron taɓawa kana yaro. Ka sa masa, ka riƙe da hannun da na koya maka, ba da hannun ɗaukar jariri ba. Kafin wata ya mutu zai juya hagu, zai juya dama, in ka ce ya yi ruku'u ma zai yi.

Kuma ka bar faɗa wa mutane wani abu ya fi ƙarfinka. Sunana kake ɗauke da shi a can, kada ka zubar mini da shi a ƙasar mutane.

Baffanka

Ƙanena, ni ce Yaya. Kada ka biye masa, kewarka ce ke damunsa. Ya sa na goge ƙarfen nan har hannuna ya yi baƙi. Ka riƙa taƙaita wasiƙa don Allah.

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙin ido. Mu lafiya, sai dai surukarka ƙafa ta fara kumbura. Yaya, don girman Allah wannan karon ki karanta masa duka, har tsakiyar.

Baffa, ban nemi linzami ba. Da ka aiko mini da maciji a kwali da ya fi mini sauƙi.

Duk saƙon da ya zo bargar nan ta ofis yake bi. Maigida ya ji nauyin ƙunshin ya farke shi a gabana. Da ya ga ƙarfen sai ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, “Ka ga mutanen da! Tsohonka ya fi ka sanin aiki. Ɗauko dokin yanzu in gani.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, bakinsa da rauni.”

Ya ce, “Naka bakin ne zai jawo maka rauni. Ɗauko shi.”

Na ɗauko shi. Ni da hannuna na buɗe masa baki na sa. Ya karɓa, don ya saba ni ba na cutar da shi. Muka shiga fili, Maigida ya jingina da shinge yana kallo. Na ja dama ya bi. Na ja hagu ya ƙi. Maigida ya daka mini tsawa in ja sosai, na ja. Dokin ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya yi wani kuka da ban taɓa jin doki ya yi ba, ba haniniya ba ce. Da ya sauko kumfar bakinsa ta koma ja, tana ɗiga a kan yashi. Bai juya ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, da na mai da shi turkensa na cire ƙarfen, bai cije ni ba, bai harbe ni ba. Goshinsa ya kawo ya jingina a ƙirjina yana rawar jiki. Na wanke masa da ruwan gishiri ina ba shi haƙuri kamar mutum.

Da la'asar Malama ta zo da karas ɗinta a jaka kamar kullum. Ta miƙa masa ya kau da kai. Ta ga ɗigon jini a rigata, ka san mai jinya, ta ce, “Malam, wannan na waye?” Maigida yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullai. Na ce harshensa ya ciza. Ta dube ni ta ce, “To, kai ka sani, a hannunka yake.” Wallahi Baffa da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Daga inda nake tsaye zuwa bayan layin dogo tafiyar ƙafa ce. Magana ɗaya zan yi wa Malama dokin nan ya huta. Maganar nan kuma ita za ta sauko da katifarmu daga bene, da mace mai tsohon ciki, a garin da ba mu da kowa. Wannan nake tambayarka, ba yadda ake jan linzami ba.

Ɗanka,
Ɗan Tsako

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kullum sai na leƙa ofis, har mai gadi ya fara yi mini dariya, wai ko budurwa na yi. In fushi kake don na ce linzaminka maciji ne, ka yafe mini. In kuma kunyata kake ji don na kasa, ka faɗa mini ƙarara, ya fi wannan shirun.

Abu ya ƙara cakuɗewa. Gawayi ya rame, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ina jiƙa masa dusa ta yi ruwa-ruwa, ita kaɗai yake iya sha. Maigida ya zaunar da Malama a ofis ya ce mata dokin mugun hali gare shi a jini, wata rana zai kashe ta. Ya ce saboda mutunci zai ba ta wata tsohuwar goɗiya mai sanyi, shi kuma ya karɓi Gawayi. Na san inda zai kai shi. Akwai masu keken doki da ke jigilar bulo, su ba ruwansu da hagu ko dama, bulala ce ke juya musu.

Malama ta fito ta same ni ina share barga. Ta ce, “Ƙanina bai taɓa ce mini yana da mugun hali ba. Amma ni me na sani? Kai ne malaminsa. In ka ce in bayar, zan bayar.” Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce za ta je ganin 'yarta, in ta dawo za ta ji daga bakina.

Na yi wa surukarka maganar. Tana zaune a bakin gado ta ɗora ƙafafu a kan bokiti. Ta ce, “Ka dubi matakalar nan, ka dube ni. Ina za mu? Gidan wa za mu ƙwanƙwasa?” Na ce gaskiyarki. Can ta ce, “Amma kai ma ka dubi kwanonka. Tun ranar jinin nan tare kuke ramewa da dokin. Ni ban san wanda zan yi jinya ba.” Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba.

Ɗakin nan ya yi mini kaɗan, Baffa. In na kwanta ina jin motsinsa ta ƙarƙashin katako, yana ɗaukar ciyawa yana tofarwa. In na tsaya a taga ƙarafa nake gani. Ka ce wani abu, ko zagi ne.

Ɗanka,
Ɗan Tsako

*

Zuwa ga ɗana,

Wa alaikumus salam. Ka ga rubutu kamar kaza ta yi tonon ƙasa, to nawa ne, ni da hannuna. An yi mini aikin ido, an kankare yanar, shi ya sa ka ji shiru. Na daɗe a kwance da bandeji, Yayarka kuma ta ɓoye wasiƙunka, wai likita ya ce kada a tayar mini da hankali. Yanzu ina gani tangaran. Abu na farko da na gani shi ne Yayarka ta tsufa, na gaya mata, ba ta yi mini magana ba har yamma.

Na biyu kuma wasiƙunka. Na karanta su duka, har tsakiyar. Da na kai wurin kumfar nan na ajiye takardar na fita tsakar gida. Kai ka ja linzamin, amma ni na aiko shi, a kan abin da ban ji ba. Ka jefa shi a rijiya.

Yanzu ka buɗe kunne. Maganar da nake yi, wai doki ba ya shiga hannunmu ya fita bai horu ba, kai a zatonka da hannuna kaɗai nake yi? Kana ina lokacin da nake jan doki zuwa wurin mai gyaran kofato? Wa ke kai su wurin tsohon nan mai ɗori in baya ya riƙe? Ni horo na iya. Horo kuwa magana ce tsakaninka da doki, kuma mai ciwon haƙori ba ya jin magana, ko mutum ne. Sanin wanda za ka miƙa wa ragama yana cikin aikin, shi ne ma wurin da ya fi wuya. Ka ɗauki kurin da nake yi wa masu dawakai a bakin ƙofa ka mai da shi karatu.

Amma ni bargata tawa ce, ba wanda zai sauko mini da katifa. Ba zan zauna a inuwar gidana in ce maka ka jefa surukata a titi don a ce Baffa ya yi tarbiyya ba. In ka yi shiru, ba zan ce ka kasa ba, kuma duk wanda ya faɗa a gabana zai ji daga gare ni. In ka yi magana, ɗakin bayan nan yana nan, rufinsa na yoyo a gefe ɗaya amma ɗaki ne. Ka zo da su in an bar ka ka taho.

Ban san ko wannan za ta riske ka kafin matar ta dawo ba. Na ba mai kai saƙo da kaina, na ce ya yi sukuwa.

Baffanka

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa idon haske. Albishirinka: surukarka ta sauka lafiya, an sami namiji. Amaryarka ta leƙa shi ta ce shi ma ba shi da haƙora, kai ya biyo.

Wasiƙarka ta zo bayan an gama komai. Na karanta ta a kan buhun dusa, na yi dariya wurin maganar Yaya, wurin maganar ɗakin baya kuma na rufe fuska da hula.

Ranar da Malama ta dawo ta same ni a turken Gawayi. Ban shirya komai ba, har na buɗe baki da niyyar in ce ta karɓi goɗiyar. Sai na ga ta fito da karas ɗin da ta kankare siriri-siriri da wuƙa tun daga gida, wai ko zai iya ci. Na ce, “Malama, kawo hannunki.” Na naɗe mata hannun riga, na riƙe harshensa gefe, na zura yatsunta har ƙurya. Ta taɓa. Ta zaro hannun a hankali ta dubi yatsanta. Ta ce, “Tun yaushe?” Na ce tun kafin ya zo hannuna, kuma na sani tun makon farko. Na gaya mata wannan ba aikina ba ne, na kwatanta mata bargar bayan layin dogo da sunan da ake kiran matar.

Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, “Me zai same ka?” Na ce ta ja dokinta tun rana ba ta yi zafi ba. Ni na ɗaura masa ragama, na raka su har bakin ƙofar waje, na miƙa mata igiyar a gaban mai gadi.

Na hau sama na ce wa surukarka ta fara haɗa kaya. Muka ƙulle tukwane a zani muka zauna muna jira. Sai da yamma Maigida ya aiko a kira ni. Na shiga na tarar yana shan shayi. Ya ce, “Kana jira in kore ka, ka tafi wurin Mai Magagari ko? Ta aiko ma tana tambayarka. Takardarka tana hannuna, wa'adinta da saura, ba inda za ka.” Ya ce ɗakin ma mu ci gaba da zama, shi ba azzalumi ba ne da zai kori mai ciki. Amma daga ranar ba ni ba taɓa doki a bargarsa. Ko ragama aka gani a hannuna, mai gadi ya shaida.

Don haka yanzu ni ne mai sito. Ina sauke buhu, ina auna dusa, ina tura baro zuwa juji. Dawakan da na hora suna miƙo wuya in na wuce, ni kuma in sa hannuwana a aljihu. Mun kwance tukwanen. Jaririn ɗakin nan aka kawo shi, rufi bai yi yoyo ba, surukarka tana barci. Ba zan ce maka ban gode ba. Amma tafin hannuna har ƙaiƙayi yake yi, Baffa, kuma ban san ranar da zan iya zuwa ɗakin bayanka ba.

Linzaminka ban jefa a rijiya ba. Tagar nan iska ke yawan rufe ta, sai na saƙale shi a jikin ƙarfe na ɗaure murfin da shi. Aikin ya karɓe shi.

Ta nan na gan su shekaranjiya da safe, ina riƙe da jariri. Malama ce a kan sirdi, ta ƙanƙame kamar an ɗora buhu, Mai Magagari tana tafe a ƙasa gefenta. Gawayi ya murmure, gashinsa na ƙyalli, bakinsa a rufe shiru. Suka iso inda titi ya rabu. Na ga Malama ta ɗan motsa hannu, motsin da ko zare ba zai tsinka ba. Na ƙanƙame yaron har ya yi ƙorafi.

Ya juya hagu, Baffa. Na manna fuskata a ƙarfen ina binsa da ido har gini ya tare shi, sannan na sauka, don motar dusa ta iso.

Ɗanka,
Ɗan Tsako